Ƙanƙarar Fuluto a Rafin Guza

Duk wanda ya saba shiga Rafin Guza ta wajen Kawo ya san darbejiyar da ke bakin kwana, in kuwa ya san ta to ya san Malam Ja'afaru mai ƙanƙara, don ba a ganin ɗaya ban da ɗaya. Mahaifinsa ne ya dasa ta tun unguwar tana gonaki, a gindinta ya sayar da goro har Allah ya yi masa rasuwa, shi kuma Ja'afaru ya gaji wurin ya kafa teburin ƙanƙara. Ga mai wannan sana'a inuwa ba ƙaramin abu ba ce, balle da azumi. Ni Musa tela, shagona yana tsallaken titi muna kallon juna, saboda haka shekara goma sha tara ke nan ina shan surutunsa ba da son raina ba.

Mutum ne da bai taɓa jin wani abu wanda bai riga ya sani ba. In ka ce masa an ƙera sabon jirgi, zai ce tun yana saurayi ya zana irinsa a bayan kwalin sukari. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Injiniya, saboda ya taɓa kwance fankar masallaci ya mayar, aka samu ragowar noti huɗu, ita kuma fankar tun daga ranar take hura silin maimakon masallata. Ƙanƙarar ma matarsa Lami ce ke ɗaurawa a leda ta jera a firiza. Nasa aikin bai wuce ya zauna a inuwa ya cika baki ba.

Abin ya samo asali ne daga 'yarsa Fadila, wadda ke karatun kimiyya a jami'a. Saura mako biyu a ɗauki azumi, ga zafin bazara ya fara gasa mutane, ta zo gida ta nuna masa hoton wata ƙaramar duniya a wayarta, mai suna Fuluto, can ƙarshen duniyoyin da ke zagaya rana. Ta ce akwai ire-irenta, su Eris da Makemake, duk ƙanana ne kuma duk ƙanƙara ta lulluɓe su. Ita Fuluto kusan kashi biyu cikin uku dutse ce, a kan dutsen akwai ƙanƙarar ruwa mai tauri har ta yi tsaunuka, a kan wannan kuma wasu iskoki ne suka daskare: naitirojin, da mitan wadda take dangin gas ɗin girki, da irin mugun hayaƙin nan da ke fita daga janareta. Ga kuma wani ja-ja da ya shafe gefenta. Ya tambaye ta tun yaushe ƙanƙarar take can, ta ce shekaru miliyoyi. Ya ce kuma ba ta narke ba? Ta ce ba ta narke ba, saboda… Bai tsaya jin saboda ba, ya riga ya zura takalmi. Wannan duk Lami ce ta ba matata labari daga baya.

Bayan la'asar, da jama'a suka taru a gindin darbejiyar kamar kullum, ya yi gyaran murya ya sanar da mu cewa ya gano sirrin ƙanƙarar da ba ta narkewa. Wai Turawa sun kashe dukiya sun tura na'ura ta yi shekara tara tana tafiya don ta ɗauko hoto kawai, shi kuwa daga kallo ɗaya ya fahimci haɗin. Wai daga bana mutum zai sayi ƙanƙara guda ranar ɗaya ga azumi, ya sha ruwa da ita har Sallah, ya ajiye ragowar don baɗi.

Yahaya, wanda shi ma ƙanƙara yake sayarwa a gefen shagona, cikin rana, da buhu uku da garin katako yana ta fama, shi ne ya tanka masa. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya yi ta tana shiga.

"Malam Ja'afaru, ita wannan ƙanƙarar ka taɓa riƙe ta a hannunka?"

"Kai ka taɓa riƙe Legas a hannunka? Amma ai ka yarda akwai ta."

"In ba ta narkewa, wa zai dawo ya sake saye gobe?"

Aka yi dariya, shi kuwa Ja'afaru dariya ce abin da ba ya iya haɗiyewa. Ya miƙe tsaye ya ce ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi zai ajiye tasa a tsakiyar rana, ba buhu ba garin katako, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar. In ta narke, ya bar wa Yahaya gindin darbejiya. In ba ta narke ba, Yahaya ya ba shi firizarsa.

Alhaji Abdulƙadir, dattijon da muke kai wa ƙara in an saɓa a bakin titin nan, ya ɗaga hannu ya ce sam, wannan caca ce, kuma ba a gabansa ba, ga azumi a bakin ƙofa. Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan Allah ya raba. Sai Ja'afaru ya ce ai gyaran mai sauƙi ne, a cire ɓangaren Yahaya gaba ɗaya, shi ba ya bukatar tsinken kowa. Kyauta ce ya yi, a shaida: in ƙanƙararsa ta narke kafin la'asar, inuwa ta zama ta Yahaya. Alhaji ya ce shi dai ya fita daga maganar caca, amma tun da yake bai taɓa ganin yarjejeniyar da mutum in ya yi nasara bai samu komai ba, in ya faɗi ya rasa komai. Na jawo gefen rigar Ja'afaru na ce ya zauna ya yi tunani. Ya fizge ya ce, "Musa, kai allura ka sani." Aka shaida, aka tashi.

Washegari ya fara tara kayan haɗi. Ya gangara bakin kogi ya zaɓo wani dunƙulallen dutse da ya kusa kai girman turmi. Wani mai Keke mai ƙafa uku ya kalli dutsen ya kalle shi, ya ja abarsa ya yi gaba. Dole ya ɗora a baro, tayar baron ta fashe tun bai yi nisa ba, ya ƙarasa turo shi a kan ƙarfe da wata irin ƙara da ta sa mata leƙowa ta ƙofa suna tambayar ko rushe gidaje aka zo yi.

Naitirojin kuwa sai da ya zagaye kasuwar Kawo yana tambaya shago shago, har wani mai kayan noma ya ce masa farin taki kusan rabinsa naitirojin ne. Ya sayo mudu uku. Da ya juye a ruwa ya dama, sai ruwan ya ɗauki sanyi nan take. Ai kuwa ya ɗauko bokitin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa kowa ya tsoma hannu. Na tsoma, kuma tsakani da Allah da sanyi. A ranar na kwana da fargabar kada a ce wawan nan yana da gaskiya.

Sai maganar hayaƙi. Ya tayar da janareta a tsakar gida, ya cusa tiyo a bututunsa, ya jefa ɗaya bakin cikin bahon da ya juye ruwan takin. Tiyon ya narke ya manne, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kajin Lami suka haura katanga suka faɗa maƙwabta. Muka gan shi ya fito yana tangaɗi, fuska baƙi ƙirin sai idanu, ya zauna daɓas a dandamalina ya ce kada mu damu, yawan tunani ne ke juya masa kai. Duk da haka ya yi murna, don ruwan ya yi wani baƙin maiƙo a sama.

A kan gas ne Lami ta nuna masa iyakarsa. Ta fito daga ɗaki ta tarar da shi yana jan tukunyar gas zuwa wajen bahon, ga ashana a aljihun gaba, wai ta gwaji ce. Ta yafa mayafi, ta ɗauki tukunyar a ka, ta tsallako titi ta kai wa matata ajiya. Ya biyo ta yana sallama yana nema na, matata ta ce masa ba na nan, alhali yana hango ƙafafuna a zaure. Da ya ga ba ci, sai ya koma ya ciro kan rishon gas ɗin ya ɗauraye shi cikin ruwan, ya ce ai asalin gas ɗin a jikin ƙarfen yake zama. Don samun jan nan na cikin hoto kuwa, ya juye jarkar zoɓon Lami guda, wanda ta riga ta sa wa sukari.

Ya ɗauko manyan robobin wankinta biyu, ya sa dutsen a tsakiya, ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya ɗaure da robar tayar babur, ya huda sama ya ɗura haɗin. Ya kwashe duk ƙanƙarar da Lami ta yi mako tana tarawa don azumi ya zube a ƙasa, ya cusa abinsa a firiza. Murfi ya ƙi rufuwa. Ya ɗora turmi, ya ƙi. Ya hau ya zauna a kan turmin.

Daga nan ƙasa Lami ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Malam, inuwar Baba ce fa ka ɗora a kan robar wankina."

"Ke dai bar shi, mace ina ta san kimiyya."

"Wadda ka ji abin a bakinta, namiji ce?"

Ya ce ta miƙo masa hularsa, sanyi na tasowa.

Kwana shida abin nan yana cikin firiza mai buɗaɗɗen baki. Kullum da safe sai ya zura yatsa ta hujin ya zo ya ba mu rahoto. Ranar Talata ya ce tana tattara ƙarfi. Ranar Laraba ya ce irin wannan daga ciki take fara daskarewa, ba kamar ta jahilai ba. Ranar Alhamis Lami ta gaya wa matata abin bai fi kaurin koko ba. Sai ranar Juma'a, bayan ya lulluɓe firizar da bargo biyu da katifar baƙi, sannan ta yi ɓawo.

Asabar tun ƙarfe goma bakin kwana ya cika. Masu Keke suka faka, mai rake ya matso da baronsa, har da wani mai maganin gargajiya da ya ga taro ya tsaya da lasifikarsa. Alhaji Abdulƙadir ya zauna a kujera a gindin darbejiya, agogo a hannu. Ina cikin neman wurin tsayawa sai na ga teburina na yankan yadi a tsakiyar rana. Ban ba shi aro ba, ban kuma ga lokacin da ya ɗauka ba.

Ya iso cikin farar babbar riga da ta sha guga, yana tura baro. Mutum huɗu suka kama aka ɗora a tebur, aka kwance ɗaurin, aka ɗaga robar sama, aka zare ta ƙasa da ƙyar. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya yi kyau: dunƙulalle, ja-ja da ɗigon baƙi, yana fitar da ɗan tururi, kuma ya yi kama da hoton. Ja'afaru ya karɓi sandar Alhaji ya fara nuna mana inda tsaunuka suke da inda kwari yake. Yahaya ya ɗauko bulon ƙanƙararsa guda, ya kakkaɓe garin katako, ya ajiye a gefe ba buhu, ya ce don a samu abin kwatance.

Sha ɗaya da kwata ta fara ɗiga. Ja'afaru ya ce gumin baƙunta ne, duk wanda ya zo Kaduna sai ya yi shi. Sha ɗaya da rabi ɗigon ya zama zirara, jan ruwa ya bi ƙafar teburina ya gangara titi. Ya ce ai Fadila ta faɗa, akwai wurin da ƙanƙarar can ke tafiya a hankali. Daga nan wari ya tashi, na taki da hayaƙi da tsamin zoɓo, har na sahun gaba suka fara toshe hanci. Ya ce iskar can ke nan, mu gode Allah mun shaƙa ba mu hau jirgi ba. Ƙudaje suka zo, ƙudan zuma suka biyo bayansu saboda sukarin, taro ya ja da baya taku uku. Shi kaɗai ya rage a wurin, yana kaɗa hannun riga yana cewa ko dabba ta san abu mai daraja.

Wata tsohuwa ta tambaya ko ana iya sa wannan a ruwan buɗa baki. Ya ce sosai ma, kuma don ya tabbatar mata ya sunkuya ya lasa. Na ga wuyansa ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ɗanɗanon sai a hankali ake sabawa da shi, ya zagaya bayan mai rake ya daɗe yana tofar da yawu.

Ana gab da kiran azahar muka ji ƙas. Tsaga ta bi ta daga sama har ƙasa. Ja'afaru ya yar da sanda ya rungume ta da hannu biyu yana haɗa ɓangarorin, yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, girgizar ƙasa ce. Rabi ya sulale ya shige masa wuyan riga, ɗaya rabin ya faɗo ya tarwatse kamar kankana. Dutsen ya mirgino, ya karya bakin teburina, ya bi ta kan babban yatsansa, ya tsallaka titi ya faɗa kwata. Wata mata da ta sauko daga Keke a daidai lokacin ta ga mutum cikin farar riga jina-jina yana tsalle da ƙafa ɗaya, ta ɗora hannu a ka ta fara salati tana cewa a kira 'yan sanda. Bulon Yahaya na nan zaune, ko kwata bai ragu ba.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, amma ba a san Ja'afaru ba. Ya ɗingisa ya je bakin kwata ya nuna dutsen ya ce a duba da kyau, kashi biyu cikin uku na Fuluto dutse ne, ga shi nan bai narke ba, ke nan mafi yawanta tana nan, kuma ko a zaɓe masu rinjaye ake bi. Yahaya ya ce to a fasa masa ya sha da kunu. Alhaji ya sosa ƙeya ya ce shi bai san sha'anin sama ba, sai an ji daga bakin mai ilmi. Ja'afaru ya ce mai ilmin ai shi ya haife ta. Ya kira Fadila a waya, don ta riga ta koma makaranta, kuma don kada wani ya ce bai ji ba, ya karɓi lasifikar mai magani ya kara wayar a bakinta.

"Fadila, Fuluto kashi nawa ne dutse a cikinta?"

"Kusan biyu cikin uku, Baba."

Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, haƙora a waje. Da a nan ya kashe wayar, wallahi da Alhaji ya rasa yadda zai yanke. Amma daɗi ya ɗebe shi.

"Kuma ƙanƙararta ba ta narkewa, ko ba haka kika ce ba?"

"A can ba ta narkewa, Baba, don zafin rana ba ya isa wurin. Daga can rana kamar wani babban tauraro ake ganinta, sanyin ya wuce ɗari biyu ƙasa da sifili. In ka kawo ta Kaduna, ta saman ko ruwa ba za ta tsaya zama ba, iska za ta koma ta bi sama. Ta ruwan kuma irin ta Umma ce, ba wani bambanci. Ai ranar na so in gaya maka ka fita." Sannan ta rage murya, lasifika kuwa ta ƙara mata. "Baba, Umma ta ce taki ka zuba a firiza. Don Allah ka ce mini ba ka gaya wa kowa ba."

Har masu shago na bayan layi sun ji. Mai rake ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, tsohuwar nan ta riƙe ciki tana neman ruwa, shi kansa Alhaji sai da ya rufe fuska da hula. Da aka lafa ya ce magana a kan ƙanƙara aka yi ta, ba a kan dutse ba, kuma ƙanƙara ga ta can tana bin kwata.

A nan ne Yahaya ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya matso ya ce, "Malam Ja'afaru, bar shi, wasa ne. Inuwar mahaifinka ce, ni ban karɓa ba."

Abin da ya rage kawai ya ce na gode. Na ƙura masa ido ina roƙon Allah ya faɗa. Ya dubi jama'a, ya ga har yanzu wasu na goge hawayen dariya, sai ya gyara jiƙaƙƙiyar rigarsa ya ce shi Injiniya ba a yi masa alfarma. Wai da ma inuwar ta ishe shi, ganye na zubo masa a kaya, tsuntsaye na ɓata masa hula, ya daɗe yana neman wanda zai jibga wa ita. Alhaji ya tambaye shi sau uku ko ya tabbata, sau uku yana cewa ya tabbata. Duk haushin teburina sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

Ranar ɗaya ga azumi Yahaya ya koma gindin darbejiya, shi kuma Ja'afaru ya dawo gefen shagona inda rana ke sauka tun hantsi. Lami ta wanke firizarta sau uku ta sake ɗaura masa ƙanƙara, ya lulluɓe ta da buhu uku da garin katako, ya zauna yana kallon darbejiyar a tsallake. Har la'asar bai ce komai ba, shirun ya dame ni har na kasa zura zare a allura. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Musa, ashe haka take da girma. Ban taɓa ganinta daga nan ba."

Wani mai babur ya tsaya sayen ƙanƙara, ya tambaye shi yana murmushi ko wannan ma ta sama ce. Ja'afaru ya zaro guda daga ƙarƙashin buhu, ya kakkaɓe ta, ya sa masa a leda.

"Ta nan ce," in ji shi. "Yi sauri da ita gida."